Shekara biyar ina shan maganin sanyi har yau ba ciki, me zan yi?

Wata 'yar uwa ce ta turo min tambaya, bari in taƙaita ta. Shekararta 29, shekara biyar da aure, ita ce amarya a gidan. Ta samu ciki a shekarar farko, ya zube yana wata uku, aka yi mata wankin ciki a wani ɗan kilinik na unguwa, bayan nan ta kwanta zazzaɓi da ciwon mara kusan sati biyu. Tun daga lokacin shiru. Duk inda ta je sai a ce sanyi ne, sau huɗu ana mata gwaji ana cewa wata ƙwayar cuta ce wai ita staf, ta sha allurai, ta sha na gargajiya, ta sha na Islamik kemis. Sikanin ɗin ƙarshe an ce akwai ƙaramin ƙari a mahaifa santimita 2. Al'adarta na zuwa duk wata. Maigida ya ƙi zuwa asibiti, ya ce shi yana da 'ya'ya uku da uwargida, autarsu shekara takwas. Tana so in faɗa mata magani mai ƙarfi da zai kashe sanyin gaba ɗaya, kuma wai ko ƙarin ne ya hana ta haihuwa.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ba ki haƙuri, ya kawo masu albarka. Zan yi miki magana kaman kina zaune gabana a kilinik, dan Allah kar ki ji haushi, ba zan rubuta miki magani ba. Ba rowa ba ce. Shekara biyar kina haɗiyar magani amma a duk labarin da kika ba ni ban ga inda mutum ɗaya ya tsaya ya binciko abin da ake yi wa maganin ba, toh in na ƙara miki wani na shiga layinsu kenan.

Bari mu fara da sanyin nan tinda shi ya fi damunki. A asibiti ba mu da cuta guda ɗaya mai suna sanyi. Kalma ce da muka mayar buhu, komai zuba shi muke a ciki, farin ruwa sanyi, ƙaiƙayi sanyi, ciwon mara sanyi, ciwon baya sanyi, ɗaukewar sha'awa sanyi, rashin haihuwa ma sanyi. Alhali farin ruwan da ba ya wari ba ya ƙaiƙayi, musamman wanda ke zuwa tsakiyar wata yana yauƙi kaman farin ƙwai, wannan lafiya ce, shi ne ma alamar ƙwai ya kusa fita, amma sai ki ga mace ta tayar da hankali tana neman abin da zai busar da shi. Mai ƙaiƙayi da fari-fari kaman kindirmo kuwa galibi kandida ce, ba ta toshe komai ba ta hana ciki, kuma kin san abin da ya fi kawo ta? Yawan shan antibayotik. Akwai ƙwayoyin halitta masu amfani da Allah ya zaunar a gaban mace suna gadin wurin, duk allurar da aka ɗirka miki ba dalili su take fara kashewa, sai ƙaiƙayi ya taso, ki koma kemis, ya ce ai sanyin ne ya dawo, ya ƙara miki wata allurar. Haka za a yi ta zagaye har kuɗin adashi ya ƙare.

Shi kuma staf, wallahi na gaji da ganin takardar nan. Ƙwayar tana zaune a fata da cikin hancin mutane masu lafiya ƙalau, kusan mutum ɗaya cikin uku na ɗauke da ita. In aka saka auduga za a ɗebo ruwan gaba ta goga fata a hanya, ko ke aka miƙa wa ki ɗebo da kanki a banɗaki, staf zai fito a rizal. Ki je ki yi sau goma zai iya fitowa sau goma. Ba shi ne muka sani da toshe hanyar ƙwai ba. Waɗanda suka fi yin wannan ɓarnar su ne kilamidiya da ciwon sanyi na ainihi wato gonoriya, waɗanda ake ɗauka ta saduwa, sai kuma ƙwayoyin da ke shiga mahaifa bayan haihuwa ko ɓari ko wankin ciki da kayan da ba su da tsafta. Abin takaicin ita kilamidiya ba ta ma fitowa a irin wancan gwajin da ake ta maimaita miki, nata gwajin daban ne, kuma mafi yawan matan da ke ɗauke da ita ba sa jin komai.

Yanzu ga yadda muke tunani mu. Ciki na buƙatar abu uku su haɗu: ƙwai ya fita, hanya ta kasance a buɗe, maniyyi ya zama mai kyau. Sai mahaifa ta karɓa. Duk ma'auratan da suka shekara suna tare ba tsarin iyali ba ciki, ko wata shida in matar ta haura 35, waɗannan ukun ake dubawa, kuma kowanne da gwajinsa. Ke a shekara biyar ba a duba ko ɗaya ba.

A labarinki inda kunnena ya tsaya shi ne wankin cikin nan da zazzaɓin sati biyu. Ba zan yanke hukunci daga waya ba, amma da a kilinik ne nan zan fara sa ido. Hanyar ƙwai guda biyu ce, dama da hagu, tsawon kowacce wajen santimita 10, cikinta a wani wurin bai fi kaurin zare ba, kuma shimfiɗe take da wasu ƙananan gashi masu kaɗa ƙwai su tura shi zuwa mahaifa. A cikinta maniyyi ke haɗuwa da ƙwai, ba a mahaifa ba kaman yadda mutane ke zato. In infekshan ya hau can ya yi kumburi ya yi ruwa, ko bayan ya warke yana barin tabo, hanyar ta manne ko bakinta ya rufe. Toh a nan ne maganar maganin sanyi ke rushewa, antibayotik ƙwayar cuta yake kashewa, ba ya cire tabo. Kaman gobara ce, 'yan kwana-kwana sun zo sun kashe wuta tun shekara huɗu da suka wuce, ke kuma har yau kina ta watsa ruwa a ɗakin kina mamakin me ya sa rufin bai dawo ba. Akwai wani dogon bincike da aka yi a garin Lund na ƙasar Suwidin, suka bi matan da suka yi irin wannan ciwon na mara shekara da shekaru, wadda ta yi sau ɗaya wajen 8 cikin 100 hanyarsu ta toshe, sau biyu kusan 20, sau uku ko fiye 40. Kin ga ba kowa ba ce, dan haka kar ki karaya tun yanzu, amma ya isa dalilin a duba.

Gwajin da ke nuna hanya shi ake ce wa HSG, sikanin na yau da kullum ba ya nunawa sai in hanyar ta cika da ruwa ta kumbura sosai. Ana yinsa a ɓangaren hoto, bayan jini ya ɗauke kafin lokacin fitar ƙwai, wajen kwana na 7 zuwa 10 in kin ƙirga daga ranar da kika fara ganin jini, kuma ki ƙaurace wa maigida daga fara al'adar har a yi, dan kar a haska ki da ƙaramin ciki ba a sani ba. Za a saka siririyar roba ta bakin mahaifa a tura wani ruwa a ɗauki hoto, in hanya a buɗe take za a ga ruwan ya bi ya zube ta ƙarshe. Ba zan ɓoye miki ba akwai ciwo, kaman murɗawar mara ta al'ada mai ƙarfi, minti kaɗan ne, ki sha maganin ciwo awa ɗaya kafin nan, ki je da wata. Na san ana ta tsorata mata a gidan biki wai yana lalata mahaifa, ba gaskiya ba ne, wasu ma a watannin bayan gwajin suke samun ciki saboda ruwan ya wanke 'yar majinar da ta tare hanya. Sharaɗi dai kar a yi shi kina cikin ciwon mara da fitar ruwa mai wari, sai an yi magani tukuna. Sannan in rizal ya ce duka biyu sun toshe daga gindi ta wajen mahaifa, kar ki zauna kuka tukuna, wani lokaci tsabar ciwo da tsoro ne ke sa hanyar ta tsuke a lokacin, shi ya sa muke maimaitawa ko mu leƙa da kyamara ta cibiya mu tura ruwa mai launi muna gani da idonmu.

HSG ɗin zai kuma nuna cikin mahaifar kanta. Akwai tambayar da ban samu amsarta a saƙonki ba, jinin da kike gani yanzu yawansa ɗaya da na kafin wankin cikin? In da kina kwana biyar yanzu ya koma ɗis-ɗis na kwana ɗaya ko biyu, toh akwai yiwuwar an kankare mahaifar da yawa bangonta ya manne da juna. Wannan ana gyara shi, ana shiga da kyamara ta bakin mahaifa a raba. Shi ya sa nake roƙonki, duk wanda ya ce miki zo a sake wanke miki mahaifa dan ki samu ciki, ki ɗau jakarki ki fita. Mahaifa ba tukunya ba ce.

Ƙarin santimita 2 kuwa ban damu da shi sosai ba. Faibroid, wato irin wannan ƙarin na mahaifa, ya yi yawa a cikinmu baƙaƙen fata, da za a tara matan layinku 'yan shekara talatin zuwa arba'in a yi musu sikanin da kin sha mamaki, da masu 'ya'ya takwas a ciki. Abin dubawa shi ne a ina yake zaune. Wanda ya tsiro ta waje ko ƙarami a cikin naman mahaifa galibi ba ruwansa da ciki, wanda ya leƙo cikin ɗakin da jariri zai kwanta shi ne mai hana ciki ko jawo ɓari ko da ƙarami ne, kuma yawanci yana zuwa da zubar jini mai yawa da gudaji. Ki duba takardar ko an rubuta wurin. Kar ki yarda a yanka ki saboda shi kafin a gama sauran binciken, tiyatar kanta tana iya barin mannewa a kusa da hanyoyin. Masu sayar da maganin narkar da ƙari kuma, ban taɓa ganin wanda ya narke a sikanin na biyu ba.

Maganar ƙwai. Tunda al'adarki na zuwa duk wata, in tsakaninsu bai gaza kwana 21 ba bai wuce 35 ba, mafi rinjaye kina fitar da ƙwai. Ana tabbatarwa da gwajin jini na homon ɗin furojestaron kwana bakwai kafin ranar da kike sa ran jini, ko a bi ƙwan da sikanin. Waɗanda suke wata biyu wata uku ba su ga jini ba, ga gashi a haɓa ga ƙuraje ga ƙiba, su ne muke zargin PCOS, wato matsalar homon da ke hana ƙwai fita a kan lokaci, wadda kuma nononta ke fitar da ruwa ba ta shayarwa sai mu duba furolaktin, wato homon ɗin da ke kawo ruwan nono, da maƙoƙo. Na kawo wannan ne dan na san mataki na gaba da ƙawaye za su ba ki shawara, Clomid daga kemis. Ƙwayar nan aikinta ta sa ƙwai ya fita ga wadda nata ba ya fita. In hanya a toshe take ko maniyyi ba shi da kyau, ko kwali goma kika sha ba inda za a je, sai dai ta bar miki kumburin gidan ƙwai da ciwon mara. Mu kanmu ba ma wuce wata shida muna ba da ita, kuma muna bi da sikanin.

Toh sai babbar magana, maigida. Ƙanwata ko da HSG ɗinki ya nuna matsala, sai an gwada shi, dan sau da yawa matsalar ɓangare biyu ce. Cikin ma'auratan da ke neman haihuwa, kusan rabi akwai hannun namiji a ciki, ko shi kaɗai ko tare da matar. 'Ya'ya uku da uwargida shaida ce a kan shekarun baya, cikinki da ya zube ma shaida ce a kan shekara huɗu da suka wuce, ba su ce komai a kan yau ba. Kuma ki lura da abin da ke da kanki kika rubuta, auta shekara takwas. In uwargida ba tsarin iyali take ba kuma shekarunta ba su ja ba, mata biyu a gida ɗaya duk shiru, ai ko ba likita ba ya kamata ya tsaya ya yi tunani. Maniyyi na canzawa. Ciwon sanyi na toshe hanyar namiji shi ma, akwai kumburin jijiyoyin maraina, ciwon suga, hangum in ya kama mutum bayan ya balaga ya sauka ƙasa, aikin gwaiwa, taba, tiramadol, zama cikin zafi kaman direban babbar mota ko mai gidan burodi. Kuma ƙarfin namiji a shimfiɗa daban, ƙwayoyin haihuwa daban, nan ne maza suka kasa ganewa. Mutum zai iya zama lafiyayye sarai ruwan na fita da yawa da kauri amma ba ƙwaya ko ɗaya a ciki, ido ba ya gani sai madubin lab.

Ba na manta wata baiwar Allah da ta shigo min da baƙar leda cike da takardu, ta zazzage a kan tebur, rizal ɗin staf kala-kala har wasu sun yi ja dan tsufa, shekara bakwai tana abu ɗaya. Da na zo duba ta na ga tabo a gabanta, na tambaya, ta sunkuyar da kai ta ce wanzami ne ya yi mata yankan gishiri, kakar mijin ce ta kai ta. Duk gwajinta ya fito lafiya. Da ƙyar da siɗin goshi mijin ya zo, shi ma sai da wansa ya sa baki, ya zauna yana ta kaɗa makullin mota ko kallona ba ya yi. Aka gwada sau biyu, babu ƙwaya ko ɗaya. Abin da ya tsaya min a rai ita ce ta fara cewa likita dan Allah kar kowa ya ji.

Gwajin nasa shi ya fi na kowa sauƙi da araha, ba allura ba ciwo. Zai ƙaurace kwana 2 zuwa 7, a ba shi kwalba mai tsafta daga lab, ba kwaroron roba ba dan yana kashe ƙwayoyin, ya tara duka kar na farkon ya zube, in a gida aka yi a sa a aljihu kusa da jiki a kai cikin awa ɗaya. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 yana neman ƙwayoyin maniyyi wajen miliyan 16 a kowace mililita, aƙalla 30 cikin 100 suna tafiya gaba. In ya fito ƙasa ba a yanke hukunci da guda ɗaya, ana sakewa bayan kaman wata uku, saboda ƙwayar maniyyi na ɗaukar sama da kwana 70 kafin ta nuna, zazzaɓi mai zafi na wata biyu baya ma zai iya rage ta. Yadda za ki ɓullo masa kuwa, kar ki ce masa ƙila daga gare ka ne, nan take zai rufe ƙofa. Ki ce likita ta ce ba za a yi miki gwajin hanya mai ciwo da tsada ba sai an ga takardarsa, kuma ba ƙarya kika yi ba, da yawanmu haka muke yi. In akwai wanda yake jin nauyi, wansa ko amininsa ko malaminsa, a bi ta nan cikin sirri. In kuma gwaji ya nuna cutar da ake ɗauka ta saduwa, magani na gidan ne gaba ɗaya, ke da shi da abokiyar zamanki a lokaci guda, in ba haka ba za ta yi ta yawo ɗaki zuwa ɗaki. Wannan likita ya kamata ya faɗa masa, ba ke ba.

Kafin nan ki daina cusa komai. Matsi, kanwa, alif, tafarnuwa, ganye, hayaƙi, wanke ciki da Dettol ko ruwan zafi da gishiri, duk suna ƙona fatar wurin, na ga wadda gabanta ya tsuke ya manne saboda kanwa sai da aka yi mata aiki. Ruwa zalla daga waje ya isa. Maniyyin da kike gani yana biyo baya bayan saduwa shi ma ba matsala ba ce, kowace mace haka take, masu tafiya sun riga sun wuce. Addu'a da ruƙiyya kuma ban hana ki ba, ni ma ina yi, amma ba su hana a ɗau hoto.

Wani abu da ba a cika tambaya ba, in a ƙauyen da ke bakin dam ko fadama kika tashi kina wanka da wanki a ruwa, musamman in kin taɓa fitsarin jini kina yarinya, ki faɗa wa likita. Tsargiya tana taɓa bakin mahaifa da hanyar ƙwai. Haka in kin taɓa tarin fuka ko kin zauna da mai shi.

In an duba hanya ɗaya ce ta toshe, ɗayar ta isa a yi ciki. In duka biyu ne, ya danganta da wurin da girman ɓarnar, wasu ana iya buɗewa da aiki, amma gaskiya in hanyar ta lalace ta cika da ruwa aikin bai cika ba da sakamako ba, sai dashen ciki wato IVF, inda ake haɗa ƙwanki da maniyyin mijinki a lab a mayar mahaifa, an tsallake hanyar kenan. Tun 1978 aka haifi jaririyar farko ta wannan hanyar a Ingila, a nan gida ma ana yi, har Babban Asibitin Ƙasa na Abuja. Malaman Masar sun ba da fatawa tun 1980 cewa ya halatta matuƙar ƙwai na matar ne maniyyi na mijin ne kuma auren na nan. Akwai tsada sosai kuma ba kowane dashe ke kamawa ba, amma a 29 shekarunki na taimakonki, ingancin ƙwai yana fara sauka sosai ne bayan 35, shi ya sa ba na so ki ƙara ɓata wasu shekara biyar ɗin a layin kemis. Kuma ki riƙe wannan, mai tabo a hanya in ta samu ciki yana iya tsayawa a hanyar bai ƙarasa mahaifa ba, dan haka duk ranar da kika ga ɓatan wata gwaji ya nuna ciki, ki je a yi sikanin da wuri wajen sati shida a ga inda ya zauna, in kuwa kika ji ciwo a gefe ɗaya na mara da ɗigon jini ko jiri, ko tsakar dare ne a tafi asibiti.

Abin da za ki yi satin nan, ki je asibitin da ke da kilinik ɗin likitocin mata na gaske, in kina Kano akwai Malam Aminu Kano da Murtala, Zariya akwai Shika, Sakkwato akwai asibitin koyarwa na Ɗanfodiyo, ko babban asibitin jiharku. Ki yanki kati, za ki sha layi, ki haƙura. Ki tafi da duk takardunki har da kwalayen magungunan da kika sha. Ki fara shan folik asid ƙwaya ɗaya kullum tun yanzu. Sannan ki samu kalanda ko bayan littafi ki rubuta ranar da jini ya fara da ranar da ya ɗauke na wata ukun da suka wuce in kina tunawa, da kwana nawa ne girkinki ke faɗowa a tsakiyar watanki, dan ƙwai kwana ɗaya kacal yake rayuwa bayan ya fita, maniyyi kuma har kwana biyar, a gidan mata biyu wannan lissafin ma sai mun zauna mun yi shi. In HSG da takardar maigida sun fito ki turo min hotonsu in duba.